Faɗa-wuta Mai Jan Ɗamara

Inna ba ta taɓa shiri da ruwan saman Libreville ba. Cewa take ruwan da zai kwana ya wuni ya sake kwana ba damina ba ce, rashin ta-ido ne. Ita ce mahaifiyar Babanmu, kuma sunanta aka sa mini, shi ya sa duk gida Ummi ake kirana, ita kaɗai ke ce mini Takwara. Baba ya ɗauko ta daga ƙauyenmu na bakin fadama, kudu da Kano, bayan rasuwar kakanmu. Lokacin ne kuɗin fetur ke ambaliya a Gabon, ana ta gine-gine, kantin Baba a unguwar Nkembo ba ya rabuwa da leburori masu sayen sardin da burodi. Komai na garin jirgin ruwa ke kawo shi, har ƙwai da albasa. Inna takan juya albasar a hannu ta ce, "Wannan ta fi ni ganin duniya, amma ba ta da ƙamshi."

Da yake Baba ɗan farinta ne, ba ta kama sunansa. Mai kanti take ce masa, ko a gaban idonsa. Shi kuma ya wadata ta da komai, atamfa, goro, rediyo, ban da abu guda da take roƙo: ya bar ta ta je gida ta ga ƙanwarta Delu. Su biyu suka rage a ɗakinsu, kuma wasiƙa ta zo cewa ƙafa ta kwantar da Delu.

A bayan gida Inna ta sa an raba mata duron mai biyu, ta cika da ƙasa, ta dasa dankali. Kusa da shi akwai wani namijin gwanda da Umma, mahaifiyarmu, ta so a sare tunda ba ya 'ya'ya, Inna ta hana. Da an idar da sallar magariba sai ta fito baranda da kurfotinta na gawayi, ta tura dankali uku cikin toka, ɗaya nawa, biyu na ƙannena, Sani da Habu. Ba ta son ƙwan lantarki, ta ce yana kore tatsuniya. Sai mu kashe, mu kewaye garwashin, kwanon rufi na ɗiga a gefe. Ba ta farawa kamar sauran tsofaffi. Takan yi gyaran murya ta ce, "Ga baƙuwa a bakin ƙofa." Mu kuma mu ce, "A shimfiɗa mata tabarma." Kafin kiran isha ta gama, dankali ya nuna, kowa ya ƙone yatsa. Shekarata goma sha ɗaya lokacin, kuma ban san wani abu a duniya da ya fi mini wannan sa'a ba.

Wata magariba da ruwa ya ɗauke, muna zaune sai muka ji fir-r-r kamar ƙaramin fanka. Wani abu ne ke shawagi a gaban furen gwanda, bai sauka ba, bai wuce ba, ya tsaya cak a iska. Habu ya ce tsuntsu ne. Sani ya ce jemage ne, ya ɗauko takalmi. Inna ta riƙe hannunsa.

"Kul! Ajiye. Mai jan ɗamara ce."

Ta miƙe tsaye, abin da ba ta yi in ta riga ta zauna. Faɗa-wuta ce, irin malam-buɗe-littafin nan na dare, amma ƙatuwa, jikinta ya kai kaurin babban yatsa, fikafikanta dogaye masu tsini. Harshenta ne ya ba mu tsoro, siriri kamar zare, ya fi jikinta tsawo, tana zura shi cikin fure tana zarowa. Da ta gama sai ta naɗe shi kamar gammo, ta zo ta lafe a jikin katakon baranda. Nan take ta kusa ɓace mana, don launinta da na tsohon katako ɗaya ne. Sai da ta ɗan motsa fiffike muka hango layi-layin ja da baƙi a ƙugunta.

"Daga garinmu take," in ji Inna. "Irinta ce ke zuwa gonar dankalinmu. Tsutsarta mai ƙaho a gindi ita ke cinye mana ganye, in ta ƙoshi ta nutse cikin kunya. Ran haƙar dankali sai ka tono ta, ta zama ja-ja, da ɗan hannu a ka kamar na buta. Ni da Delu mun sha tara su a ƙwarya."

A daren ta ba mu labarinta, kuma shi ne tatsuniyar da na fi riƙewa cikin duk waɗanda ta taɓa yi mana.

Wai a wata shekarar yunwa, wasu 'yan mata biyu, ya da ƙanwa, suka rasa abin da za su ci sai saiwar dankali guda. Suka ga ba za ta ishe su ba. Sai ɗaya ta ce za ta yi kudu ta nemo abinci, ɗayar ta tsaya ta dasa saiwar don kada iri ya ɓace. Wadda ta tafi ta yi ta tafiya har ta kai inda ƙasa ta ƙare, ruwa ya fara, hanya kuma ta ɓace mata. Dankali ya yi, ya cika rumbu, babu wanda za a ci da shi. Wadda ta tsaya ta nemi ɗan aike. Shaho ya ce shi ba ya aiken mata. Hazbiya ta ce nisa. Sai wata faɗa-wuta da ke kwance a toka ta ce ita za ta je. Yarinyar ta yage bakin zanenta ja ta ɗaura mata a ƙugu don 'yar'uwarta ta gane ta, ta ba ta buta don guzuri, ta ce, "Ki ce mata ta dawo, an yi abinci." Faɗa-wuta ta shafe jikinta da toka, riga ta ciki da ta waje, don kada tsuntsaye su gan ta, ta rufe ɗamarar da fiffike. Tun daga ranar take yawo. Duk furen da ta tarar sai ta leƙa ta tambaya ko an ga wata yarinya ta wuce, kuma yawan tambaya ne ya ja mata harshe ya yi tsawo haka.

"To ta same ta?" in ji Habu.

"Kai ma dai," in ji Inna. "Da ta same ta, me take yi a gwandar uwarka?"

Muka yi dariya. Ita ba ta yi ba. Ta tona garwashi ta ce wanda aka ba saƙo ba shi da hutu sai ya isar, ko da zai ƙare rayuwarsa a hanya. Sannan ta rufe yadda ta saba, "Baƙuwa ta naɗe tabarmarta."

Baba ya shigo ana cikin wannan, ya tsaya yana ji. A makon ne maƙwabcinmu Alhaji Sule, wani falke mai zuwa gida sau ɗaya a shekara, ke shirin tafiya, jirgin ruwa zuwa Ikko, jirgin ƙasa zuwa Kano. Inna ta riga ta sa rai za ta bi shi. Baba kuwa ya kafe a kan magana ɗaya, wai yanar ido ta fara rufe mata gani, Alhaji yana da kaya, ba zai iya jan makauniya a turmutsutsun Ikko ba.

"Mai kanti," in ji Inna, tana kallon garwashi, "ka ce ba na gani. Ga shi daga nan na gane 'yar garinmu a jikin katako, yaranka masu sabon ido suna cewa jemage."

Baba ya yi dariya. "Inna, ƙwarin garin nan fa ba su da iyaka. Wannan daji ne, can fadama. Me zai kawo na can nan?"

"Abin da ya kawo ni."

"To shi ke nan. Ga Ummi, malaminsu na lakwal, makarantar bokon nan tasu, yana da littafin ƙwari. Ta kai masa. In ya tabbata irin ta garinmu ce, na yarda idonki garau, ki bi Alhaji."

Da wasa ya faɗa, amma a gaban mutane ya faɗa, kuma Baba ba ya janye magana. Inna ta ce ta yarda. Ni na kife faɗa-wutar da matankaɗin Umma na zuba ta a gwangwanin madara. Inna ba ta so ba, na ga ta kau da kai, amma ta ƙyale ni saboda tafiyar.

Malaminmu Bafaranshe ne, muna ce masa Mushe kawai, wato Malam da Faransanci, mutum mai haƙuri da ke da akwatunan gilashi cike da ƙwari a bayan aji. Da ya buɗe gwangwanin sai da ya yi fito. Ya sa ta a kwalba da auduga mai magani har ta daina motsi, sannan ya baje fikafikanta huɗu a kan allo ya kafe da allurai. Bai faɗa mini sunanta ba. Ya ajiye mini wani ƙaton littafi ya ce in nemo da kaina, in duba fiffiken sama, in duba na ƙasa, in duba jiki, sannan in duba taswira, don kowace iri da ƙasashen da take zama.

Na same ta a shafi biyu masu fuskantar juna. Kai ka ce tagwaye ne, duk toka-toka, duk da jan layi a ƙugu, duk da dogon harshe. Bambancin yana fiffiken ƙasa, wanda ba a gani sai an ɗaga na sama. Ta shafin dama fiffikenta na ƙasa da ja-ja a gindinsa, taswirarta kuma Amurka ce. Ta shafin hagu toka ce da ratsin baƙi, babu ɗigon ja, taswirarta ta rufe Afirka kaf, daga bakin teku har bakin hamada, ta haura ƙasar Turawa. An rubuta cewa tana tafiya mai nisa, tsutsarta kuma ganyen dankali take ci. Har an zana ɗan abin nan mai hannun buta. Na dubi tawa a kan allo. Toka ce, ciki da waje.

Mushe ya ce na yi daidai, ya sa aka tafa mini. Na kwafi taswirar biyu a littafina don in nuna yadda na bambance su. Wallahi da murna na taho gida, ina ta sauri in faɗa wa Inna ta ci gari.

Da na shiga ɗakinta sai na tarar ta jawo akwatinta na ƙarfe tsakar ɗaki. Ta jera sabulu, turmin atamfa biyu, man zafi na ƙafar Delu. Kurfotin ma ta wanke shi ta kife, ta ce ta bar wa Umma. A nan ne abin ya faɗo mini. Wanda ya wanke kurfoti ya bayar ba mai dawowa ba ne. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallon bayanta, tana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa, ban taɓa jin ta cikin farin ciki irin na ranar ba, kuma na ji haushin farin cikin. Na ce a raina, wato Delu ta fi mu.

Bayan magariba Baba ya dawo da wuri don jin hukunci. Aka kunna ƙwan lantarki. Na buɗe littafina, na sa tafin hannu na rufe taswirar hagu, na nuna masa ta dama.

"Ta Amurka ce," na ce. "Mushe ya ce jirgin ruwa ne ya kawo ta, cikin kaya."

Mushe bai faɗi haka ba. Amma a garin da albasa ma jirgi ke kawo ta, wa zai yi musu? Baba ba ya karanta Faransanci, ya ga zane, ya gyaɗa kai. Bai yi murna ba, in faɗi gaskiya, sai dai na ga kafaɗarsa ta sauka.

Inna ba ta dubi littafin ba. Ni ta duba.

"Takwara, kin ɗaga fiffiken kin gani da idonki?"

"Na gani, Inna."

"Rigarta ta ciki, wane launi?"

Ta ba ni ƙofa, a buɗe. Kalma ɗaya ce. Na ce, "Ja-ja."

Na zaci za ta yi faɗa, ta ce littafin Nasara ƙarya yake, ta ce a kawo mata ta gani. Da ta yi haka da na fashe da kuka na faɗi gaskiya. Amma sai ta ce, "To ba ita ba ce. Tawa toka ce ciki da waje." Ta shafa idonta na dama da bayan hannu. "Ashe dai idon ya tafi. Mai kanti, ka fi ni gaskiya."

Da kanta ta kwashe kayan akwatin. Ta ba Alhaji Sule sabulun da atamfar da man zafin ya kai, ta ce ya gaya wa Delu sai baɗi. Kurfoti ya dawo baranda, dankali ya koma toka, na sami abin da nake so.

Sai dai ba Innar da na sani na samu ba. Matar da ke tsince tsakuwa a shinkafa da magariba ta fara miƙo mini faifai tana cewa, "Duba mini, Takwara, ke mai ido." Ta daina zura zare a allura, ba don ta gwada ta kasa ba, ta daina gwadawa ne. In za mu tsallaka titi zuwa kasuwa sai ta kama hannuna gam. Mata suna yaba mini, wai ga jika mai jin ƙai. Ni kuwa duk lokacin da ta kama hannun nan sai in ji kamar garwashi aka ɗora mini. Tatsuniya ta ci gaba, amma ba ta sake yin ta mai jan ɗamara ba. Da Habu ya roƙa sai ta ce ta manta ƙarshenta. Wasu faɗa-wutar sun zo gwandar bayan haka, ina ganin ta bi su da ido, sannan ta sunkuyar da kai ta ci gaba da tona wuta.

Na yi niyyar faɗa mata ya fi a ƙirga. In na ce yau, sai in ce bari Baba ya fita. In ya fita, sai in ce bari ta idar da lazimi. Da farko tsoron bulala ne ya hana ni, daga baya kunya, daga baya kuma abin ya yi tsawon da ban san ta inda zan kamo shi ba. Kafin baɗin ta zo, Alhaji Sule ya dawo da labarin rasuwar Delu. Inna ta karɓi gaisuwa kwana uku, ba ta yi kuka a gabanmu ba, ba ta kuma sake maganar gida ba. Bayan shekara biyu ita ma ta bi ta. A Libreville aka binne ta, ana ruwa.

Na girma ina ba kaina haƙuri iri-iri. Na ce yarinya ce ni. Na ce ko na faɗi gaskiya Baba zai samo wani dalili, kuma wataƙila haka ne. Na ce hanya ce mai wuya, da ta tafi ma ba lalle ta kai ba. Duk na auna su, babu wanda ya ɗauke nauyin. Ba tafiyar kaɗai na hana ta ba. Ta gane abu daidai, daga nesa, cikin duhun magariba, da ido mai yana, ta san launinsa, ta san abincinsa, ta san inda yake zama fiye da yadda littafi ya sani, ni kuma na sa ta ƙaryata idonta don ta gaskata ni. Da ba ta yarda da ni ba, da ƙaryata ba ta yi aiki ba. Wannan ne abin da har yau ba ya barina.

Sai da na haura arba'in, ina da 'ya'ya, na fara taka ƙauyen. Na sauka gidan 'yar Delu, Goggo Hajara, lokacin ana haƙar dankali a fadama. Na bi su don in ga gonar da na sha ji. Ina tsaye sai fartanya ta tono wani abu ja-ja mai santsi, tsawon yatsa. Na ɗauka na kakkaɓe ƙasar. Ga ɗan hannun buta nan a kansa.

"Mai jan ɗamara ce ke barci," in ji Goggo. "Mayar da ita, 'yar nan, ki rufe. Iya ba ta bari a taɓa su."

Mahaifiyarta Delu take nufi. Na tambaye ta ko ta san tatsuniyar. Ta ce wa bai sani ba a gidan nan? Ta ce tun da aka tafi da Inna, kullum magariba Delu sai an fito da ita bakin danga inda fure yake. In ɗaya ta zo ta sha ta tashi, sai ta ce mata, "Yi kudu, ki ce wa Yaya ta dawo." Ta ce har ranar da sabulu da atamfa suka iso babu mai su, Delu cewa ta yi, "'Yar aiken ce ba ta same ta ba."

'Yar aiken ta same ta. Ta ƙetare daji da ruwa, ko ita ko 'yar'uwarta, ta sauka a gwandar Umma, Inna kuma ta gane ta tun kafin ta zauna. Saƙon ya iso har baranda. A hannuna ya mutu, da allura huɗu a fiffike. Da ina yarinya na ɗauka darasin tatsuniyar na faɗa-wuta ne, wai ta cika alkawari, ta yi naci. Sai a fadamar nan na gane akwai mutum na huɗu a labarin da Inna ba ta sa ba, don ba ta zaci akwai irinsa ba, wato wanda ke tsaye a bakin ƙofa ya ce wa baƙuwa ba nan ba ne.

Da magariba na roƙi Goggo ta nuna mini inda Delu ke zama. Na zauna a kan wani turmi da ke wurin ina jira, har na fid da rai sai na ji fir-r-r. Ta zo, ta tsaya a iska, ta tambayi fure uku, sannan ta lafe a jikin danga kusa da gwiwata. Na zari tsinke a hankali na ɗaga fiffikenta na sama. Na san abin da zan gani, shekara talatin ina sane. Amma ba a taɓa faɗa wa mai tambayar ba, don haka na faɗa da ƙarfi, har Goggo ta leƙo daga madafa ta ce da wa nake.

"Toka ce, Inna," na ce. "Ciki da waje. Idonki garau yake."